Shin hoton sadarwar ƙwaƙwalwa zai iya nuna gigin tsufa tun mutum yana lafiya lau?

Ɗan Autan Hajiya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga likitoci da masu ilimin ƙwaƙwalwa da ke cikinmu, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanina, domin sai an ji tushen maganar za a gane abin da ya sa ta tsaya mini a rai. Mahaifiyarmu tana da shekara 71, kuma alhamdulillahi har yanzu hankalinta garau yake. Ita ce uwar adashin matan unguwarmu, lissafin duk a ka take riƙe da shi, ta san wadda ta zuba da wadda ta yi fashi, kuma ba ta taɓa kiran wani jika da sunan ɗan'uwansa ba duk da sun haura ashirin. Sai dai mahaifiyarta, wato kakarmu, ta yi kusan shekara takwas cikin gigin tsufa kafin Allah ya karɓi abinsa. Ina tuna lokacin da za ta idar da sallar la'asar, ba a jima ba ta sake neman buta ta ce ba ta yi ba, har daga baya abin ya kai tana tambayar mahaifiyarmu ko ita 'yar wane gida ce.

Kwanakin baya na ji cewa masu bincike a Landan sun samo hanyar duba yadda sassan ƙwaƙwalwa ke sadarwa da juna ta na'urar MRI, kuma wai da wannan hoton ana iya gane wanda zai kamu da cutar mantuwa shekara tara kafin ta bayyana. Yayana da ke aiki a ƙasar waje ya ce in dai maganar gaskiya ce, shi ya ɗauki nauyin kuɗin ko nawa ne. Abin da nake so in sani shi ne ma'anar wannan sadarwa da ake magana a kai, da kuma ko ya dace mu ɗauki tsohuwar da ba ta kuka da komai mu kai ta a yi mata hoton.

Ɗalibar Kimiyyar Jijiyoyi ta amsa:

Wa alaikumus salam, malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya jiƙan kaka. Binciken da ka ji labarinsa gaskiya an yi shi, amma kafin in zo kansa bari in fara da ma'anar sadarwar, domin a nan ne mutane suka fi ruɗewa.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma babu wani aiki mai nauyi, kamar tuna suna ko shirya tafiya, da sashe guda ke yi shi kaɗai. Sassa ne da ke nesa da juna suke haɗa kai su yi aikin. Nau'in hoton da ake kira fMRI ba ƙwayoyin yake gani kai tsaye ba. Abin da yake bi shi ne hawa da saukar iskar oksijin a cikin jinin da ke zuwa kowane sashe, domin duk sashen da ya tashi aiki jini yakan ƙaru a wurinsa. Ana kwantar da mutum cikin na'urar na 'yan mintoci, a ce masa kada ya yi komai, kada kuma ya yi barci. Idan aka ga sassa biyu suna hawa tare suna sauka tare, sai a ce akwai sadarwa tsakaninsu. Bharat Biswal ne ya fara nuna wannan a Amurka a 1995, a sassan da ke kula da motsin hannu.

A 2001 Marcus Raichle na Jami'ar Washington da ke St. Louis ya bayyana wani rukuni na sassa mai ban mamaki, wanda yakan lafa idan an ba mutum aiki ya mai da hankali a kai, ya kuma farka idan mutum ya zauna shiru. Zan kira shi rukunin zaman shiru. Shi ke aiki lokacin da mutum ya jingina da bango bayan magariba yana tuna abin da ya faru jiya, yana saƙa yadda gobe za ta kasance, ko yana auna abin da wane yake nufi da maganar da ya faɗa masa. Yana da sassa a gaban ƙwaƙwalwa da bayanta da gefenta, kuma yana da alaƙa ta kusa da hifokamfus, wurin da ake ɗaure sababbin abubuwan tunawa. A 2004 Michael Greicius na Jami'ar Stanford ya nuna cewa aikin wannan rukuni ya raunana a masu cutar Alzheimer, wato nau'in gigin tsufa da ya fi yawa, sannan a 2005 Randy Buckner da abokan aikinsa suka lura cewa wuraren da furotin ɗin amiloyid ya fi taruwa a cutar kusan su ne sassan rukunin. Amiloyid ɗin nan shi ne dunƙulen da likitan Jamus Alois Alzheimer ya gani a ƙwaƙwalwar wata majinyaciyarsa a 1906, kuma yanzu an san yana fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin mantuwa ta fito fili. Wannan doguwar tazara ce ta sa ake ta neman alama a jikin masu lafiya.

Akwai kuma wani ma'auni da ni na fi ganin armashinsa. Ka ɗauki babbar kasuwa mai tsari, inda layin 'yan hatsi daban, na 'yan yadi daban, na mahauta daban. Mutanen kowane layi sun fi hulɗa da junansu, amma akwai dillalai da 'yan dako da ke haɗa layi da layi idan buƙata ta taso. Haka rukunan ƙwaƙwalwar matashi suke. Da shekaru suka ja, sai hulɗar cikin layi ta ragu, ta tsakanin layuka ta ƙaru, iyakoki su fara dusashewa, mai neman gero ya riƙa karo da mai auna shadda. Micaela Chan da Gagan Wig na Jami'ar Texas da ke Dallas sun nuna a 2014 cewa wannan cakuɗuwa tana ƙaruwa da shekaru ko a masu lafiya, kuma waɗanda rukunansu suka fi zama a rarrabe sun fi riƙe abu a ka. A 2021 suka fitar da sakamakon bibiyar manya na tsawon shekaru, inda suka ga cewa wanda cakuɗuwarsa ta fi sauri ya fi fuskantar tsanantar alamun mantuwa har shekara goma bayan hoton ƙarshe, ko da an cire tasirin amiloyid da na gado. Sun kuma ga abin ya fi sauri a tsofaffin da ba su yi karatun jami'a ba, amma su kansu sun ɗauki karatun a matsayin manunin irin rayuwar da mutum ya yi, ta fuskar aiki da abinci da samun magani.

Na Landan kuwa, ƙungiyar Charles Marshall ce ta Jami'ar Queen Mary ta wallafa shi a 2024. Sun ɗauko hotuna daga babban rumbun bayanan lafiya na UK Biobank, suka auna yadda sassa goma na rukunin zaman shiru ke tasiri a kan juna. A cikin mutanen akwai 81 da ba a san suna da cutar ba lokacin hoton amma aka tabbatar musu da ita daga baya, wasu har bayan shekara tara, aka kwatanta su da mutum 1,030 da ba su kamu ba. Lissafin ya rarrabe ɓangarorin biyu da makin 0.82, inda 1 ke nufin babu kuskure, 0.5 kuma ke nufin canki-canka. Ya kuma fi auna girman sassan ƙwaƙwalwa kawai iya hasashe. Wannan shi ne asalin labarin da ya iso gare ka.

Mai Lissafi ya amsa:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, ni kuma zan tsaya a kan wannan 0.82 ɗin, domin jaridu sun mai da shi "kashi 82 cikin ɗari daidai", mai karatu kuma ya ɗauka cewa in hoton ya ce Hajiya za ta kamu, to kashi 82 za ta kamu. Ba haka lissafin yake ba.

Ga misali na ƙirƙira don a gane, ba alƙaluman binciken ba ne. A ce an tara tsofaffi 1,000 masu lafiya, 20 daga cikinsu ne za su kamu a 'yan shekaru masu zuwa. A ce gwajin yana kama kashi 80 na masu kamuwa, yana kuma wanke kashi 80 na marasa kamuwa. Zai kama 16 daga cikin 20 ɗin, ya bar huɗu su tafi gida da murnar ƙarya. A cikin sauran 980 kuwa zai ɗora wa 196 alamar haɗari alhali babu abin da zai same su. Ke nan an tsorata gida 212, amma 16 ne kaɗai tsoronsu ke da tushe, wato kusan ɗaya cikin 13. Duk gwajin da aka yi wa masu lafiya don neman abin da bai yawaita ba, haka yake haifar da ƙararrawar banza, kuma wannan ba laifin masu binciken ba ne, ɗabi'ar lissafin ce.

Sannan mutum 81 ba su da yawa. Mutanen UK Biobank kuma, su kusan rabin miliyan da aka ɗauka tsakanin 2006 da 2010, fiye da kashi 90 cikin ɗari fararen fata ne, kuma an san sun fi sauran jama'ar Birtaniya lafiya da wadata. Ma'aunin da aka gina a kansu sai an sake gwada shi a wasu al'ummu kafin a ce ya shafi tsohuwar da ta yi rayuwarta a wani yanayi dabam.

Shi kansa hoton yana da saurin rikicewa. A 2012 Jonathan Power da abokan aikinsa suka nuna cewa motsin kai da bai kai milimita guda ba yana sa sadarwar sassa masu nisa ta bayyana kamar ta raunana, wato irin hoton da ake dangantawa da tsufa, ga shi kuwa tsofaffi sun fi yawan motsi a cikin na'urar, ko don ciwon baya ko don ƙarar da take yi. Gyangyaɗi yana canza sakamakon. Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da shayi da goro yana rage gudun jini a ƙwaƙwalwa, don haka dattijon da ya ci goro kafin ya shiga ba lallai hotonsa ya yi daidai da na ranar da bai ci ba. Kuma tun da jini ake aunawa, taurin jijiyoyin jini na mai hawan jini yana iya shiga cikin lissafin a ɗauka laifin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne. A binciken ɗaruruwan mutane wasu daga cikin waɗannan kurakurai sukan shafe juna, amma a kan mutum guda babu abin da zai shafe su.

Saboda haka, malam, ko da yayanka ya biya, abin da za a yi wa Hajiya a asibiti shi ne MRI na yau da kullum, mai nuna siffar ƙwaƙwalwa, ƙari ko tabon shanyewar ɓarin jiki. Wancan lissafin na Landan kayan ɗakin bincike ne, ba a amince da shi a matsayin gwajin asibiti ba.

Tsohuwar Nas ta amsa:

Ɗana, ni ban san lissafi kamar waɗannan ba, amma na yi shekara talatin da 'yan kai ina jinyar tsofaffi, kuma akwai wani yanki na binciken Landan ɗin da aka tsallake wanda ya fi kama hankalina. Sun duba abubuwan da ke ƙara haɗarin cutar, suka ga kaɗaici yana tafiya tare da lalacewar sadarwar rukunin da malama ta bayyana. Wannan na gan shi da idona tun ban san sunansa ba.

Akwai wani dattijo da na sani, mai faram-faram, wanda kullum bayan la'asar yana kan tabarmar majalisa a ƙofar gida. Jinsa ya fara raguwa, sai ya koma duk abin da aka faɗa ya ce "haka ne, haka ne" yana murmushi, har ranar da aka ba shi labarin rasuwa ya amsa da "madalla", aka yi dariya, shi kuma ya gane abin da ya faru. Daga ranar bai sake fita ba. Iyalinsa suka ce tsufa ne ya sa shi son ɗaki. Bayan shekara biyu aka kawo shi ba ya iya faɗin watan da ake ciki. Ba zan rantse cewa kunnen ne ya jawo ba, amma na san babu wanda ya taɓa leƙa kunnen nan, ko don a ga ko dauɗa ce ta toshe shi.

Kwamitin masana na mujallar Lancet, ƙarƙashin Gill Livingston, ya lissafa abubuwa 14 a rahotonsa na 2024 waɗanda ya ƙiyasta suna da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar a duniya. Raunin ji yana cikin manyansu, tare da hawan jini, ciwon suga, yawan kitse a jini, shan taba, rashin motsa jiki, ciwon damuwa, kaɗaici, gurɓatacciyar iska da raunin gani da ba a yi maganinsa ba, irin yanar ido da aikin ɗan lokaci ke cirewa. A Amurka an yi gwaji mai suna SPRINT MIND a kan mutum sama da 9,000, aka fitar da sakamako a 2019: waɗanda aka matsa wa lamba wajen saukar da hawan jininsu sun sami ragin kusan kashi 19 na fara raunin tunani, ko da yake a kan cikakkiyar cutar mantuwa bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba. A Finland kuma gwajin FINGER na Miia Kivipelto, mai mutum 1,260 'yan shekara 60 zuwa 77, ya nuna a 2015 cewa haɗa gyaran abinci da motsa jiki da wasa ƙwaƙwalwa da kula da jini na shekara biyu ya kare kaifin tunani fiye da shawara ta baki kawai. Kan na'urar ji gaskiya sakamakon bai fito sarai ba, domin gwajin ACHIEVE na 2023 bai ga bambanci a kan duka mahalarta ba sai a waɗanda dama haɗarinsu ya fi yawa. Duk da haka ni da kuɗin hoton nan a hannuna, kunne da ido da awon jini zan fara kai wa.

Ɗan Autan Hajiya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama Nas, maganarki ta taɓa ni, domin Hajiya tana da hawan jini, kuma da ta ji sauƙi takan ajiye maganin ta ce kada jiki ya saba. Rediyonta ma a bana sai an ji shi daga zaure. Abin da ya rage mini shi ne batun gado. Tun da mahaifiyarta ta yi, ashe ita ma ba a kan hanyar take ba, mu ma kuma bayanta?

Ɗalibar Kimiyyar Jijiyoyi ta sake amsawa:

Samun uwa ko uba mai cutar yana ƙara haɗari, amma bai zama hukunci ba. Nau'in da ake gada kai tsaye, inda ɗa ke da rabi da rabi na ɗauka, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na masu Alzheimer ba, kuma yakan bayyana da wuri, sau da yawa kafin shekara 60. Hajiya ta wuce wannan zangon da hankalinta. Ga sauran mutane, ƙwayar gadon da ta fi tasiri ita ce APOE4, kuma da yawa masu ɗauke da ita suna tsufa ba su kamu ba. A nan akwai binciken da ya shafe mu kusa: tun 1992 Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana da likitocin Ibadan, irin su Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi, suka bi tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka a Indianapolis da ma'auni iri ɗaya. Sun sami cutar ta fi ƙaranci a Ibadan, kuma alaƙar APOE4 da ita ta fi rauni a can, abin da ya sa suka karkata ga bambancin abinci da lafiyar jijiyoyin jini. Ban da haka, ba mu san irin gigin da kaka ta yi ba. Alzheimer ce ke da kashi 60 zuwa 70 na masu cutar mantuwa a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, amma wani kaso mai yawa daga toshewar ƙananan jijiyoyin jini yake, wanda hawan jinin da ake sha wa magani yau a bari gobe ke haifarwa sannu a hankali, yana cinye farin ɓargon da ke haɗa sashe da sashe, wato ainihin wayoyin sadarwar da ka yi tambaya a kansu.

Akwai gwajin jini na amiloyid da tawu, wani furotin da shi ma ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu Alzheimer, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2025, amma ga masu shekara 55 zuwa sama da suka riga suka fara nuna alamu aka yi shi, ba ga irin Hajiya ba. Idan wata rana kuka ga ta fara maimaita tambaya guda a zama ɗaya, ko lissafin adashin ya fara kuɓuce mata, ko ta ɓata a hanyar da ta saba bi, to a kai ta wurin likita ba tare da jinkiri ba, a kuma roƙi a duba sinadarin bitamin B12 da aikin ƙwayar maƙogwaro da ake kira thyroid da magungunan da take sha, domin waɗannan suna kawo mantuwar da ke warkewa. Kafin nan ku bar mata adashinta a hannunta, kada wani ya karɓe da sunan hutar da ita, ku kuma sami wanda take jin maganarsa, ko likitanta ko babban yayanku, ya zauna da ita a kan batun ajiye maganin hawan jinin.